Kifin Da Mama Ba Ta Taɓa Sayarwa Ba

Da wani ya tare ni a kasuwar Funtua ya ce, Sallau, wata rana za ka shekara a kan teku, da na ce ya je a duba masa kai. Ni mutumin Mahuta ne, ɗan manomi, kuma ruwan da na sani mafi girma shi ne rafin bayan garinmu, wanda da rani yara ke wasa a cikin yashinsa. Dako ne ya fitar da ni. Na yi kaka uku ina ɗaukar dilar auduga a injin gurza na Funtua, sai aka ce a Ikko aikin dako a bakin jirgi ba ya ƙarewa da ƙarewar kaka. Lokacin shekara biyar ke nan da samun mulkin kai.

Tare muka tafi da Ɗanladi, abokin aikina. Iyayensa Ibo ne, amma a Funtua aka binne cibiyarsa, kuma in ya buɗe baki da Hausa sai ka nemi wurin zama. Yaren iyayensa kuwa gaisuwa kawai ya iya, sai zagi. Ubansa ya rasu tun yana ƙarami, uwarsa ce ta rene shi da sayar da banda a kasuwa, kowa Mama yake ce mata. Mace ce mai baki, kullum tana cika bakin cewa babu kifin da Allah ya halitta da bai taɓa hawa teburinta ba. Ɗanladi ya girme ni, ya fi ni ƙarfi, ya fi ni wayo, sai dai hannunsa ya fi hankalinsa sauri. Shi ya sa ni Mama ta kama a tasha. Ta sa hannunsa cikin nawa ta ce, "Sallau, ga amana. Nan ka ɗauke shi, nan za ka maido mini shi. Ina nan zaune." Na ce to, ina dariya, don a lokacin gani nake shi ne zai riƙe ni.

A Ikko muka gane cewa dako ma yana da masu shi. Kowace ƙofa ta bakin jirgi da ƙungiyar da ke riƙe da ita, kuma baƙo bai isa ya taɓa buhu ba. Mu ba mu sani ba. Rana ta uku muka ga ana sauke siminti, muka tuɓe riga muka shiga layi kamar yadda ake yi a gida. Ban kai buhu na biyu ba na ji katako a gadon bayana. Mutum shida suka rufar mana. Ɗanladi ya fasa wa ɗaya baki, ya ɗaga wani ya maka da ƙasa, ni kuwa aikina a faɗan nan shi ne jan rigarsa ina cewa mu gudu. Muka kwana goma sha a gindin wani sito, muna cin gari da ruwan famfo, shi yana tsokanata wai baƙauye ya zo birni ya sha tarba.

Wanda ya cuce mu ba baƙo ba ne, kuma wannan ya fi yi mini ciwo har yau. Bahaushe ne, Malam Tanko, mai farin kaftani da tasbaha a hannu. Ya ji muna Hausa ya tsaya, ya tambayi garinmu, har ya ambaci unguwannin Funtua ɗaya bayan ɗaya. Ya kai mu gidan wata mai tuwo ya ce mu ci mu ƙoshi. Wallahi da na sa lomar tuwon dawa da miyar kuka a bakina sai da hawaye suka zo mini. Ya ce Ikko ta cika, amma a ƙasar Ghana ana neman ƙarti masu sauke kifi. Wanda ya ci tuwon mutum ba ya tuhumarsa, sai muka bi shi.

Kwana biyu muka yi a bayan babbar mota, muka ƙetare iyaka biyu ko uku, ban ma iya ƙirgawa ba, har muka isa wata tashar jiragen ruwa kusa da Ankara, babban birnin Ghana. A wani ofis aka sa muka dangwala yatsa a takarda. Ɗanladi ya ɗan taɓa boko, ya nemi ya karanta, Malam Tanko ya ce lokaci ya ƙure. Aka zuba mu a kwalekwale zuwa wani jirgi da ke tsaye nesa da gaɓa, aka ce mu sauka ɗakin ƙanƙara mu jera akwatuna. Muna cikin jerawa ƙasan ƙafarmu ya soma rawa. Kafin mu hawo sama, gari ya zama wani siririn layi can baya, kwalekwale da Malam Tanko sun tafi.

Ɗanladi bai tsaya tambaya ba. Ya nufi heluman jirgin, wani gajere mai faɗin ƙirji da muka laƙa wa suna Guduma, ya shaƙe masa wuya ya ce a juya jirgi. Nan na fara ganin yadda ake hukunci a teku. Mutum huɗu suka danne shi a kan murfin ɗakin ƙanƙara, Guduma ya naɗo guntuwar igiyar waya a hannu, ya yi ta zabga masa har rigar ta manne da nama. Kyaftin, wani Bature mai jan gemu, yana tsaye a sama yana shan taba kamar mai kallon ana sussukar gero. Na faɗa kan Ɗanladi don in kare shi, ni ma na samu rabona guda biyar. Da aka watse na wanke masa bayan da ruwan gishiri, yana cizon hannunsa, ni kuwa abin da ke yawo a kaina shi ne fuskar Mama a tasha.

Jirgin kamun kifi ne, mu kusan talatin a ciki, Fanti da Ijo da Ibo da wasu da ban san yarensu ba. Bahaushe ni kaɗai ne. Turancin buroka ake yi, Ɗanladi ne tafintana. Muka yi arewa da gaɓa har muka wuce Dakar, inda ruwa ke da sanyi, iska na yanka kunne. Aikin shi ne a saki taru, inji ya jawo, a zazzage, a tsince, a farke ciki, a jera a ƙanƙara, a sake saki. Hannuwana da suka saba da fartanya suka tsattsage. Na yi wata guda ina amai. In jirgi ya cika, wani babba ne ke zuwa ya kwashe kayan a tsakiyar ruwa ya bar mana mai da abinci, don haka ƙasa sai dai mu hango ta. Alƙibla da rana nake nemanta, in jirgi ya juya ina cikin salla sai in bar wa Allah.

Yunwa ce ta haɗa ni da kifin nan. Abincin jirgi biskit ne mai tauri da shinkafa da naman gwangwani, naman kuwa na alade ne, kuma a cikin shinkafar ake juye shi. Manyan kifayen da muke kamawa na kamfani ne, wanda ya taɓa ɗaya ya san sauran. Na rame har Ɗanladi ya ce in iska ta taso zai ɗaure ni da igiya kada Mama ta tambaye shi amanarsa shi ma.

Wata rana bayan magariba aka zazzage taru, na ga wasu 'yan ƙanana sun zube a gefe, ana share su da ƙafa ana turawa ruwa. Na tsuguna na ɗauki ɗaya. Tsawonsa bai wuce yatsana ba, baƙi-baƙi da ruwan azurfa, ido ƙato ya cinye rabin kai, ɓawonsa na saɓulewa a hannu. Da na juya cikinsa sai na ga ɗige-ɗige a jere kamar maɓallan riga, suna ba da wani haske shuɗi-shuɗi mai sanyi. Na yar da shi na yi a'uziyya. Sannan na tuna maƙesu, ƙwarin nan da ke walƙiya a fadamarmu da damina, na ce wanda ya kunna wa ƙwaro wuta bai gaza kunna wa kifi ba. Na sake ɗauka.

A garinmu in an gama girbi, abin da ya zube a ƙasa kala ne, na wanda ya tsinta ne, kuma mai gona da ya hana kala ya ji kunya har jikokinsa. Da wannan hankalin na cika hulata da kifin. Ban ɓoye ba, don ban ga abin ɓoyo ba. Guduma ya gan ni, ya kira ni ɓarawo a gaban kowa. Na sa Ɗanladi ya gaya masa cewa kala ce, abin da za a zubar ne. Ya ce a jirgi ko ƙashin kifi na kamfani ne har sai ya taɓa ruwa. Ya sa takalminsa ya take hular, sannan ya sa mini gwiwa a ciki, da na duƙa ya ƙara mini a baki. Haƙorina na gaba a nan ya zauna. Na riƙe ƙafar Ɗanladi da hannu biyu ina tofar da jini ina roƙonsa ya tsaya, don na san in ya sake ɗaga hannu ba zai tashi ba.

Mutumin da ya ji tausayina shi ne Benadi, makanikin jirgin. Ibo ne, dattijo mai furfura a gefen kunne, ya yi shekaru yana aikin reluwe a Arewa, yana jin Hausa, matarsa da 'ya'yansa mata biyu ma suna can ya bar su. Ya kira ni ɗakin inji ya ba ni shayi mai zafi. Ya ce in Guduma ya juya baya in riƙa turo kifin da ƙafa ta wata kafa da ke zubowa wajensa, shi zai shanya mini a kan bututun inji. Haka aka yi. Kifin akwai mai, in ya bushe sai ya yi ƙamshi kamar soyayyen shinge, kuma shi ya riƙe raina wata da watanni.

Benadi ne ya gaya mini halinsu. Ya ce masu jirgi suna kiransa kifi mai fitila. Da rana yana can ƙasan teku inda hasken rana ba ya kaiwa, in rana ta faɗi sai su taso gaba ɗaya su yi kiwo a sama, kafin asuba su koma. Manyan kifayen da muke kamawa su suke bi, shi ya sa muke samunsu a cikinsu. Ya ce in ana son ganinsu sai an kauce wa fitilun jirgi. Wani dare da ruwa ya kwanta ya kai mu can bayan jirgi inda babu haske, ya ce mu rufe ido mu ƙirga hamsin. Da na buɗe sai na ga ruwan nan baƙi ya cika da tartsatsi, iyakar ganina, suna motsi a hankali. Na ce wa Ɗanladi wannan ai gona ce. Ya ce baƙauye ko Makka aka kai shi sai ya ga gona.

Tun ranar Ɗanladi ya samu gwangwanin taba, ya riƙa zaɓen waɗanda suka bushe ba su karye ba, masu ɗige a fili, yana jerawa a ciki. Ya ce Mama zai kai wa, ya ajiye mata a tebur a gaban 'yan kasuwa ya ce ta rantse ta taɓa sayar da wannan. Kullum sai ya buɗe ya duba, yana kwaikwayon yadda za ta murguɗa baki. Ni ma in kewar gida ta kama ni, wannan wasan ne ke sa ni dariya.

Muna cikin wata na goma sha ɗaya labari ya fara zuwa. Kuku ne ke jin rediyon kyaftin yana kawo mana guntu-guntu. Tun farkon shekarar muke jin an kashe manya a gida, sojoji sun karɓi mulki, an sake kashe wasu. Yanzu kuma aka ce a garuruwan Arewa ana bin Ibo gida-gida. Ban yarda ba da farko. Na ce ƙarya ce, mutanen da muke cin kasuwa ɗaya. Amma aka ambaci garuruwa, har da Funtua a ciki. Daga ranar wurin cin abinci ya rabu. In na zo sai hira ta mutu. Ɗanladi ya daina buɗe gwangwaninsa, ya daina tsokanata, amma bai daina zama kusa da ni ba. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, ga tsoro, kuma ban san wa zan ba haƙuri ba.

Da babban jirgi ya zo kwasar kaya ya kawo wasiƙu. Benadi ya samu ɗaya daga ƙanensa. An ce 'yarsa ƙarama ta iso gida a jirgin ƙasa tare da maƙwabta, matarsa da babbar ba su iso ba, kuma wanda ya ga abin da ya faru ya ce kada a jira su. Kwana biyu bai fito daga ɗakin inji ba.

Rana ta uku ruwa ya kwanta, an ɗaga taru ana gyara, jirgi na tsaye yana lilo. Na shimfiɗa buhu a bayan jirgi na tayar da sallar magariba a makare, duhu ya riga ya shiga. Ina raka'a ta biyu na ji takun mutane a bayana. Na sallame na juya, sai ga Benadi da babbar sifana a hannu, da wasu samari biyu. Idonsa ya kumbura, ba ya ma kallon fuskata. Ya ce da Hausa, "Tashi. 'Yata shekararta sha huɗu." Na ce, "Baba Benadi, ni ne fa, Sallau." Ya ce ya sani.

Samarin suka kama hannuwana suka ja ni bakin ƙarfen jirgi. Ban yi kokawa sosai ba, gaskiya. Sai ga Ɗanladi kamar an jefo shi. Ya shiga tsakani ya ce, "Shi ya kashe su? Yana nan tare da mu yana cin ƙashin kifi. Ni ma uwata tana can, ban san ko tana da rai ba. Ku sake shi." Ɗaya daga cikin samarin ya yi masa magana da Ibo, ya kasa mayarwa, sai yaron ya tofa masa yawu ya ce da buroka wanda bai iya yaren uwarsa ba ba shi da bakin magana. Na san abin da zai biyo baya tun kafin ya faru. Ɗanladi ya kai masa naushi, ya kama na biyun ya buga kansa da ƙarfe. Benadi ya ɗaga sifana, ni ya nufa, na gani da idona, amma Ɗanladi ya juyo a daidai lokacin. Ta same shi a gefen kai. Ya yi baya, ya cafki tarin gorunan da ke hana taru nutsewa, suna rataye a bakin jirgi, igiyarsu ta tsinke, suka tafi tare. Ƙarar faɗawarsa ba ta fi ta guga a rijiya ba.

Ɗan Funtua ne, bai iya ruwa ba. Aka yi ta ihu, aka buga ƙararrawa, kyaftin ya sa aka kunna babbar fitilar da ke saman ɗakinsa ana haska ruwa. Ba a ganin komai sai ƙyallin ruwan da ke dawo mana cikin ido. Muka yi ta kiran sunansa, shiru. Ruwa kuwa yana tafiya ko da ka ga ya kwanta, kowane numfashi yana ƙara nisa da shi.

A nan maganar ubana ta faɗo mini. Tun ina yaro muke kwana gadin gona saboda mugun dawa da ɓarayin dawa, kuma dokarsa ta farko ita ce mai gadi ba ya kunna fitila. Ya ce in ka kunna, ganinka ya tsaya inda haskenta ya tsaya. Ka hau sama, ka zauna cikin duhu har idonka ya buɗe, kuma kada ka nemi dabbar, ka nemi inda dawa ta rabu. Ga gona a ƙarƙashinmu, na taɓa ganinta, fitilar nan ce ta rufe ta.

Na yi ta ihu a kashe fitila, a kashe fitila. Wa zai ji? Tafintana yana cikin ruwa. Na fizgi doguwar ƙugiyar da muke jan kifi da ita, na hau tsani, na ture mai riƙe da fitilar, na maka mata ƙugiya sau biyu har gilashin ya tarwatse. Ban sauke hannu ba Guduma ya iso. Da guntun bututun ƙarfe ya zo. Na ji ƙashin hannuna na dama ya yi ƙara kamar an karya kara, na faɗi, ya bi ni da ƙafa a haƙarƙari. Ga sauran ƙananan fitilun jirgi duk suna ci. Ina ƙasa na hango Benadi tsaye inda muka bar shi, sifana na hannunsa har lokacin. Shi kaɗai ne mai jin abin da nake faɗa. Na ce, "Baba Benadi, don Allah, duhu. Kifin nan. Duhu!"

Ya dube ni. Sannan ya yar da sifanar ya ruga ɗakin inji. Jim kaɗan komai ya mutu, fitilu da inji da duk wata ƙara, har Guduma ya tsaya da dukan don bai san abin da ya faru ba. Na ja jiki na kama ƙarfe da hannun hagu na miƙe. Na rufe ido na ƙirga, ban kai hamsin ba, ban iya ba. Da na buɗe, da farko babu komai. A hankali tartsatsin ya soma fitowa, nan da can, sannan ko'ina. Na bi shi da ido layi-layi yadda ake bin kunyar gona. Can ta hagun jirgi, nisan jifa biyu, na ga wuri ɗaya baƙi ƙirin, kifin sun dare sun bar fili, bakin filin yana ta walƙiya yana motsi. Na nuna da hannu ina ihu har muryata ta dushe.

Fanti uku suka sauke kwalekwale, Benadi ya faɗa ciki na huɗu. Ni ina sama ina yi musu kwatance, dama, hagu, gaba, shi yana juya musu. Suka same shi hannunsa ɗaya sarƙe cikin igiyar gorunan, fuskarsa rabi a ruwa, bai san inda yake ba. Da aka hawo da shi aka danna cikinsa ya yi ta aman ruwa. Abin da ya fara faɗa da ya gane ni shi ne wai baƙauye wa ya fasa maka hannu.

Kyaftin ya sa aka kulle ni kwana biyu a ɗakin sarƙa saboda fitilarsa. Wani tsohon Bafante ya ɗaure mini hannun da katakon akwatin kifi, ya warke a karkace, har yau ba na iya ɗaga fartanya da shi. Benadi bai taɓa ce mini yi haƙuri ba, ni ma ban taɓa ce masa na gode ba. Amma kullum da safe nakan tarar da kofin shayi a bakin inda nake kwana, kuma na san ba aljani ke ajiyewa ba.

Bayan wata biyu jirgi ya koma Ghana gyara, aka watsar da mu a bakin ruwa kamar kayan da suka lalace. Muka lallaɓa har Ikko. A can muka tarar da tasha cike da mutanen da suka gudo, kowa na neman motar Gabas. Ɗanladi ya bi su ɗaya-ɗaya yana tambayar mai banda ta Funtua, babu wanda ya ba shi amsa guda. Ya ce zai bi ni Arewa. Na ce sai dai ya taka gawata, ban ciro shi daga teku don in kai shi a yanka ba. Muka yi faɗa sosai, har ya ɗaga hannu ya sauke. Daga ƙarshe ya ciro gwangwanin ya danƙa mini. Ya ce, "Ka kai mata. Ka ce ina nan lafiya, ta shiga jirgi ta zo, ina gidan limamin cocin da ke bakin tashar Ikko ina jira." Na bar shi a bakin tasha da tabo a gefen kai. Watanni kaɗan bayan haka yaƙi ya tashi, na aika wasiƙa uku ba amsa, ban sake ganinsa ba.

Na sauka Funtua da hantsi, ban nufi Mahuta ba, kasuwa na nufa. Layin masu banda yana nan, amma inda teburin Mama yake sai baƙin toka da guntun kwano. Iya mai daddawa, maƙwabciyarta ta shekara ashirin, ta gan ni ta ajiye faifai. Ba ta amsa gaisuwata ba, ta ce ina yaron. Na ce yana da rai. Ta ce alhamdu lillahi, ta ja mayafi ta ce in biyo ta.

A hanya ta ba ni labari. Da abin ya tashi, ita da mijinta suka ɓoye Mama a cikin rumbu kwana uku. A rana ta huɗu aka ce an kawo jirgin da zai kwashe mutane, sojoji na gadi, mijin Iya ya ce zai raka ta da kansa a lulluɓe. "Ta ƙiya," in ji Iya. "Mun yi roƙon duniya. Ta ce ta ba Sallau amana, ta ce mishi nan zai maido mata yaro. In ta tafi, ina zai kai shi?" Da ta ji gari ya yi shiru sai ta sulale ta koma rumfarta, wai kada mu zo mu tarar ba kowa. A nan suka same ta. Iya ta ce wasu baƙi ne, wasu kuwa ta san iyayensu.

A gefen gonar mijin Iya suka binne ta, gindin wata ɗorawa, don ba a samu mai kai ta maƙabartarsu ba. Na durƙusa a wurin. Na so in yi kuka ya ƙi zuwa. Na ce, "Mama, ni ne Sallau. Yana da rai, na taɓa shi da hannuna. Ban kawo shi ba. Ki yafe mini." Sannan na buɗe gwangwanin da haƙori da hannun hagu, na ajiye a kan ƙasar. Suna nan a jere yadda ya jera su, sun ƙanƙance, ɗigen cikinsu ya zama fari, babu sauran haske.

Iya ta sunkuya ta ɗauki ɗaya. Ta juya shi, ta shinshina, ta kai shi kusa da ido ta duba ɗige-ɗigen. Na gaya mata na mene ne, da abin da Ɗanladi ya shirya yi da shi a gaban 'yan kasuwa. Ta yi wata 'yar dariya da ta karye a tsakiya, ta goge ido da bakin mayafi, ta mayar da kifin cikin 'yan'uwansa.

Ta ce, "Da cewa za ta yi ta taɓa sayar da shi."